Gwaggo Duba-Gari da 'Yata ta Fari

Da hantsi saƙon ya shigo guruf ɗin matan gininmu na Sri Petaling, a nan ƙasar Malay, cewa Gwaggo ta rasu a asibiti. Surukarta ce ta rubuta, layi biyu kawai. Kafin in gama karantawa wayata ta ɗau zafi. Wannan ta aiko da muryar kuka, waccan ta aiko da doguwar addu'a, wata ta ce ita uwa ta rasa, ba maƙwabciya ba. Na zauna a bakin gado ina saurarensu ɗaya bayan ɗaya, kuma Allah ya gafarta min, ban yarda da rabinsu ba. Wadda ta fi kowa shessheƙa, matar malamin da ke hawa na tara, ita ce ta laƙaba wa marigayiyar suna Duba-gari. Wadda ta ce ta rasa uwa kuwa, ina ɗakinta ranar da ta kashe talabijin ta ce mu yi lamo saboda Gwaggo na ƙwanƙwasa ƙofa.

Kafin azahar kukan ya fara gauraya da zargi. Wata ta rubuta, "Ai dole, tsohuwa tana bin gida gida ana cikin kulle," sannan ta goge, amma duk mun riga mun gani. Wata ta ce ita ba ta yarda korona ce ba, an dai rubuta haka ne don a hana mu gawar. Kowa ya shiga tunanin wa ya yi tari a gaban Gwaggo kafin ta kwanta ciwo, kowa kuma yana addu'ar kada a ce a ɗakinsa ta kwaso. Can sai ga muryar ɗanta, wanda ke koyarwa a jami'ar da ke Jalan Semarak, a dashe, yana cewa, "Duk wadda mahaifiyata ta ɓata wa, don girman Allah ta yafe mata." Amsoshi suka jeru, mun yafe, mun yafe. Ni ma na rubuta. Yatsana ne ya rubuta, don a lokacin akwai wata tambaya da na shekara ina riƙe da ita a kanta, ta kuma tafi ba ta amsa min ba.

Ɗanta kaɗai aka bari ya je maƙabarta, shi ma daga nesa ya tsaya. Ba mu yi mata wanka ba, ba mu ga likafaninta ba, babu wadda ta san inda kabarin yake a cikinmu. Mu kuma a nan duk masu wucewa ne. Miji ya gama karatu, a ɗaure kaya a koma gida, wasu su zo su kama ɗakin. Nan da shekara uku ba za a sami wanda ya san an taɓa yin wata Gwaggo a hawa na shida ba. Shi ya sa na ɗauki biro.

Wankan jego ne ya kawo ta. Surukarta ta haihu, ita kuma ta taso daga Kano da kanwarta da gerenta da yajinta a akwati, da niyyar ta yi arba'in ta koma. Ba ta cika wata ba aka rufe filin jirgi, aka rufe gari, aka rufe mu a ɗakuna. Kowa a ginin ya kama ce mata Gwaggo, har mai gadi ɗan ƙasar Nepal. Sai daga baya muka ji cewa kafin ta yi ritaya ta daɗe tana aiki a ofishin jin daɗin jama'a a gida, irin masu shiga gidaje su duba yaran da aka kai ƙarar ana cutarwa, su sasanta ma'aurata, su nemo wa maraya wanda zai riƙe shi a dangi. Da muka ji haka sai muka ce ashe shi ya sa.

Don Gwaggo ba ta iya gaisuwa ta tsaya a gaisuwa ba. Tana sallama idonta na kan takalman da ke bakin ƙofa. Tana zama sai ta tashi ta ce bari ta sha ruwa, ka ji ƙarar murfin tukunya a kicin. In yaro ya zo gaishe ta, sai ta riƙe hannun, ta ja fatar idonsa ƙasa ta leƙa, ta shafa kansa tana laluben abin da ita kaɗai ta sani. Ba ta tambayar uwa me aka ci. Yaron take tambaya, "Jiya da rana me kuka ci?" Uwar na tsaye tana murmushin yaƙe. Tana yawan cewa, "Ni gidan da aka share tas babu ko ƙwayar shinkafa a ƙasa, alhali da yara a ciki, shi nake tsoro." In ka ce mata lafiya lau, sai ta dube ka ta saman takunkuminta ta ce, "Labarin zuciya a tambayi fuska." Mun tsane ta da wannan. Amma in yaro ya yi zazzaɓi ko miji ya ɗaga murya fiye da kima, lambar surukarta ake kira a ce a ba Gwaggo.

Ni na fi kowa gudunta, don ina da abin ɓoyewa ko da yake ban san sunansa ba. Na haifi ɗana na biyu ana tsakiyar kullen. Uwata ba ta samu zuwa ba. Maigidana ya rufe kansa a ƙaramin ɗaki yana rubutun digirinsa na uku, sai cin abinci da sallah ke fito da shi. Ni kuwa wata irin gajiya ta danne ni, wadda barci ba ya maganinta. Sai in zauna da jariri a cinya ina kallon bango har la'asar. Ga kuma 'yata ta fari, mai shekara biyar, tana yawo a falo ba mai ce mata ci kanki.

Sai na faɗi gaskiya a kan yarinyar nan. A gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Ni ma 'yar fari ce, kuma har yau ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. Kakata ce ta goye ni, ita ta yi min kitso, ita na kwana a bayanta, kuma ban taɓa jin an tauye ni ba. To ita 'yata, bayan kasancewarta ta fari, sunan uwar mijina aka sa mata. Kunya biyu ke nan. Ban taɓa kiran sunanta ba, ko sunan alkunyar da ubanta ke kiranta da shi ban iya ba. "Ke" nake ce mata, in kuma ina magana da wani in ce "yarinyar nan". Ba na ɗora ta a cinya, ba na yabon zanenta a gaban mutane. A ganina tarbiyya nake yi, har ina jin na fi matan ginin da ke lashe 'ya'yansu kamar kyanwa.

Gwaggo ta zo min sau uku ban buɗe ba. A na huɗu maigidana ne ya buɗe bai sani ba. Ta shigo da ganyen darbejiya a leda, wai a wani kedai, wato kanti, na Indiyawa ta sa ɗanta ya samo. Ta dafa ruwa, ta yi min wankan da ban samu ba tun da na haihu, ta dama min kunun kanwa. Na ji daɗi a jikina, amma hankalina bai kwanta ba, don na ga idonta na bin 'yata. Yarinyar na zaune a bayan kujera tana magana da 'yartsanarta da Malayanci. Gwaggo ta ce, "Ke 'yar nan, yaushe rabon da a tsefe kan nan?" Ni take tambaya amma yarinyar take kallo. Na ce za a yi. Da za ta fita ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Kunyar ɗan fari ta gidan yawa ce. Uwa tana kawar da kai ne don akwai kaka da gwaggo da za su ɗauka. Ke a nan wa kika bar wa ita?" Na ce, "Gwaggo, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Ta ce, "Haka ne, in yana farke." Na rufe ƙofa da ƙarfi, na kuma gaya wa maigidana kada ya sake buɗe mata.

A cikin makonnin da suka biyo baya sau biyu ana kawo min yarinyar daga ƙasa. Ta koyi buɗe ƙofa, sai ta shiga lif ta sauka ta zauna kusa da akwatunan wasiƙa, ba takalmi, ba takunkumi, ni ina barci da jariri. Duka biyun maƙwabciyata ce ta dawo da ita, wata dattijuwa 'yar Malay da muke kira Makcik, wato inna da yarensu, wadda kan rataya mana ledar abinci a ƙofa ranar Juma'a. Na daki yarinyar, na sa sakata, na ce magana ta ƙare.

Wata Talata da safe aka ƙwanƙwasa. Mata biyu ne da jakunkuna, daga ofishin kula da yara, sun ce an kai musu rahoto. Maigidana ya fita sayen cefane, don a lokacin mutum ɗaya ake bari ya fita daga kowane gida. Ban gama shimfiɗa musu tabarma ba sai ga Gwaggo ta turo ƙofa da hijabinta, kamar wadda aka aika wa goron gayyata.

Babbar cikinsu ta yi min tambayoyi da Turanci, a tausashe. Sannan ta ce, "Mene ne sunan 'yarki? Ki kira ta ta zo mu gaisa." Na buɗe baki, ya ƙi fita. A gaban baƙi, a gaban babbar mace sa'ar uwata, in ambaci sunan surukata, in kira 'yar farina? Na sunkuyar da kai, na ce, "Ke, zo." Yarinyar ba ta motsa daga bayan kujera ba. Matar ta sake cewa, "Sunanta nake tambaya." Na ji ƙarar biro a kan takarda, na san abin da take rubutawa: ga uwar da ba ta iya faɗar sunan 'yarta, ga 'yar da ba ta zuwa in uwarta ta kira.

Nan Gwaggo ta gyara zama. Ban taɓa sanin tana da Turanci irin wannan ba, na mutanen da, kowace kalma a tsaye. Ta faɗi sunan yarinyar cikakke. Ta yi musu bayanin al'adarmu, ta ce a wurinmu uwa kan ɓoye son ɗan fari don girmama manya, kuma kaka ce ke riƙe shi. Ta ce ita ma irin aikinsu ta yi har ta tsufa. Sannan ta ce, "Uwar nan ba muguwa ba ce, ba ta da lafiya ne, kuma ba ta da kowa. Ni ce kakar a nan. Ku rubuta sunana." Suka yi ƙus-ƙus da Malayanci. A ƙarshe suka ce za su dawo bayan wata ɗaya. In sun ga gyara, shi ke nan. In ba su gani ba, za a kai yarinyar wani gidan riƙo na ɗan lokaci har a ga yadda ta yiwu. Suka ba ni lambar wata likita, suka miƙa wa Gwaggo takarda ta sa hannu cewa ita za ta riƙa kula da yarinyar da rana. Duk wannan a gaban yarinyar aka yi, ba wanda ya tuna cewa ta fi mu jin Malayanci.

Suna fita na tare Gwaggo a ƙofa. Na ce, "Ke ce kika kai ƙarata?" Ta ɗaura takunkuminta a nitse ta ce, "Tambaye ni abin da zai amfane ki. Gobe ƙarfe takwas ki turo min ita, ki sa mata takalmi." Na ce, "Wa ya gaya miki sun zo?" Ta ce, "Ina da taga." Ta wuce abinta.

Na kwana biyu ina juya maganar. Na zargi matar hawa na tara, na zargi mai gadi. A ƙarshe na tsaya a kan Makcik, tunda ita ta tsinci yarinyar har sau biyu, kuma ita ta san lambar ofisoshin ƙasarsu. Na daina gaishe ta. Ledar abincin da ta rataya ranar Juma'a na mayar mata ƙofarta ban buɗe ba. Ta tare ni a lif ta ce, "Adik, ƙanwata, me ya faru lah?" Na juya mata ƙeya. Na gaya wa Gwaggo abin da na yi, ina jiran in ga fuskarta. Ta ce kawai, "Ba a mayar da abinci." Ba ta ƙara komai ba, kuma wannan shirun nata na cikin abubuwan da har yanzu nake jin haushinsu.

Kullum ƙarfe takwas yarinyar takan sauka hawa na shida. Ina kishi, ina zargi. Na ce tsohuwar nan so take ta raba ni da 'yata, ta nuna wa duniya na gaza. In yarinyar ta dawo sai in shinshina kanta, in tambaye ta me aka tambaye ta. Ta fara dawowa da Hausa a baki, da waƙoƙin gaɗa, da ƙiba a kumatu. Wata Asabar Gwaggo ta hau da ita da kanta, kan a tsefe, da kibiya da man kitso a hannu. Ta ce, "Hannuna ya riƙe tun jiya, yi mata." Na ce ban iya ba. Ta ce, "Wa ya yi wa matar hawa na huɗu shuku da sallah? Ai na gani." Ta zauna ta tsare ni da ido, ta tura yarinyar tsakanin ƙafafuna. Wuyan yarinyar ya sandare kamar an kawo ta wurin allura. Na yi kitson. Washegari na leƙa ɗakinsu na tarar da mai ciwon hannun tana tuƙa tuwo da muciya. Na ce, "Gwaggo, hannu ya warke?" Ta ce, "Ranar Asabar yake tashi." Haka kuwa ya yi ta tashi duk Asabar har shekara ta zagayo.

Ita ta matsa wa maigidana ya kai ni wurin likitar nan, bayan ta tsaya a ƙofar ƙaramin ɗakinsa ta ce masa, "Malam, in ka gama digirin, wa za ka nuna wa?" Matan ofishin suka dawo, suka ga kan yarinya a kitse, suka ga na yi wanka na sa kwalli, suka ce sun rufe maganar. Amma yarinyar ba ta daina sauka hawa na shida ba, ni kuma ban fara kiran sunanta ba. Na ɗauka mun daidaita ke nan, kowa da rabonsa, kamar yadda uwata da kakata suka yi.

Bayan babbar sallah ta shekara ta biyu cutar ta yi ƙamari. Gwaggo ta fara tari ranar Laraba, ranar Lahadi da rana motar asibiti ta zo. Ta taga na hango ana sa ta a ciki. Kwana tara ta yi.

Ranar sadakar bakwai surukarta ta kira ni, ta ce akwai saƙo. Ta ce da ake jiran motar, Gwaggo ta riƙe hannunta ta ce, "Ki gaya wa mai jegon hawa na sha ɗaya ni ce na kira ofishin nan. Ta hana ni ƙofa, na kuma san ba za ta hana hukuma ba. Na san aikin, in dai akwai wanda ya tsaya wa yaro ba sa ɗaukarsa. Ta je ta ba maƙwabciyarta haƙuri, laifin wannan nawa ne. In ta ga dama ta yafe min, amma ta sani ko yau aka dawo da ni sai na sake."

Na ajiye wayar. Ashe zargina na farko shi ne daidai. Gwaggo ta dube ni ido cikin ido ta bar ni ina neman ɓarawo a waje. Ta sa ni na wulaƙanta baiwar Allahn da ba ta yi min komai ba sai alheri. Kuma da matan nan sun ƙi yarda da bayaninta fa? Da sun ce dokar ƙasarsu ba irin ta Kano ba ce? Da 'yata ta yi caca, ba da tata ba. Na ce wa maigidana na janye yafiyar da na rubuta. Ya ce in ji tsoron Allah. Na ce ina ji, shi ya sa ba zan yi ƙarya a kan mamaci ba. Na je na ƙwanƙwasa wa Makcik, na ba ta haƙuri daga bakin ƙofa da guntun Malayancina. Ta ce ba komai, amma ba ta buɗe ƙofar ƙarfen da ke gaban ta katako ba, kuma ban ga laifinta ba.

Kwana uku ina cikin wannan fushin. Da safen na huɗu na fito daga kicin na tarar da 'yata zaune a bakin ƙofa, ta sa takalmi da takunkumi, jakar makarantarta a cinya, cike tam. Na buɗe. Kayan sawarta ne, da 'yartsanar, da buroshin haƙori. Na ce, "Ke, ina za ki? Ba na gaya miki Gwaggo ta rasu ba?" Ta ce, "Na sani." Na ce, "To jakar fa?" Ba ta dube ni ba. Da Hausar da Gwaggo ta koya mata ta ce, "Ai ita ce ta yi sign. Yanzu babu kowa. In matan nan sun zo ba na so su jira."

Fiye da shekara guda yarinyar nan tana kwana a ɗakina, tana cin tuwon hannuna, tana zama tsakanin ƙafafuna duk Asabar, alhali a ranta sa hannun wata tsohuwa ne kaɗai ya hana a tafi da ita. Na durƙusa a gabanta. Na ji kamar uwata da kakata da surukata duk suna tsaye a kaina. Na kira sunanta, cikakke, yadda aka raɗa mata. Sai ta waiwaya ta dubi ƙofa, tana neman wanda ya shigo.

Na sake kira, na riƙe fuskarta da hannu biyu don ta ga daga bakin da ya fito.

Allah ka jiƙan Gwaggo, ka sanyaya mata ƙasar da ba tata ba, ka sa aikinta ya bi ta. Na yafe mata, wannan karon da bakina.